Murar da ke kayar da mutum: allura da magani a hannun ma'aikacin lafiya na Maraɗi

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar gabas ta taso hazo ya sauka a gari, layin da ke bakin ɗakin awo a CSI, wato ƙaramin asibitin da muke aiki, yakan canza kama. Masassarar cizon sauro da ta cika mana gadaje tun Agusta ta fara ja da baya, sai ga iyaye mata da yara a goye, an naɗe su da zane biyu da hular saƙa, kowa da magana ɗaya a baki: "Manjo, mura ce ta kama shi, ga tari, jikinsa kamar wuta tun shekaranjiya." Na yi shekaru ina jin wannan magana, kuma na daɗe ina ba ta amsa guda: gwajin palu (wato masassarar cizon sauro), farasitamol, amoksisilin, sai mai bi.

Abin da ya sa na sake tunani wata mata ce mai cikin wata bakwai. Ta zo da zazzaɓi da ciwon jiki da busasshen tari, ta ce duk gidansu a kwance suke, daga maigida har yara, cikin mako ɗaya. Gwajin palu bai nuna komai ba. Na ce mata, "Hajiya, mura ce kawai, ki sha abu mai ɗumi ki huta." Ban ƙirga numfashinta ba, ban kuma gaya mata alamar da za ta gani ta dawo da gudu ba. Bayan kwana uku aka kawo ta a mota tana haki, ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya ta ja iska ba. Muka tura ta babban asibiti. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma haihuwa ta zo kafin lokaci. Har yau idan na ji bakina zai ce "kawai" bayan kalmar mura, sai in tuna da ita.

Wani ɓangare na matsalar a harshenmu yake. Da kalma ɗaya muke kiran cuta biyu. Akwai murar majina da atishawa, wadda mutum ke yawo da ita kasuwa yana fyace hanci, ta wuce cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wadda a makarantar koyon aikin jinya aka koya mana da sunan girif, likitocin duniya na ce mata infuluwenza. Ita wannan ba ta sallama. Mutum ya tashi lafiya da safe, kafin la'asar sanyi ya rufe shi, kai na sarawa, gaɓoɓi kamar an yi masa duka, ga zazzaɓi mai zafi da tari marar kaki. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kwana biyu ne galibi, yakan kama daga ɗaya zuwa huɗu. Yawancin mutane zazzaɓin na sakinsu cikin mako guda, tarin ya ɗan jima. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a cikin kusan mutum biliyan 1 da ke kamuwa kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 ciwon kan yi musu tsanani, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke rasuwa ta hanyar ciwon numfashi. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da wannan cuta ke kashewa ta hanyar huhu, kashi 99 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa suke, wato irin namu. Kakanninmu ma sun san ta: annobar 1918 da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, wadda a ƙasar Hausa aka riƙe da sunan marisuwa, infuluwenza ce.

Tambayar da abokan aiki suka fi yi ita ce, don me allurar wannan cuta sai an sake ta kowace shekara, alhali ta ƙyanda sau biyu ta wadatar? Amsar tana jikin ƙwayar cutar. Iri biyu ne ke haddasa barkewar shekara-shekara, A da B. A jikin nau'in A akwai wasu ƙayoyi biyu da ake wa laƙabi da H da N: na farko da shi take manne wa ƙwayoyin halittar maƙogwaro da huhu, na biyu da shi take yanke kanta ta fita ta kama na gaba. Garkuwar jiki waɗannan ƙayoyin take ganewa. To ita ƙwayar, duk sanda ta hayayyafa sai ta yi 'yan kurakurai wajen kwafar kanta, ƙayoyin su ɗan sauya siffa, har ya kai garkuwar bara ta dube ta bana ba ta shaida ta sosai ba. Wannan sauyi na sannu-sannu shi ke kawo murar kowane hunturu. Wani lokaci kuma nau'in mutum da na tsuntsu ko na alade su haɗu su yi musayar sassa, a sami sabuwa fil wadda jikin kowa bai taɓa gani ba. Haka aka yi a 2009 da H1N1, wadda har yanzu take yawo tare da H3N2, dukansu 'yan nau'in A. A gefen B, zuriyar da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da ganinta ba tun Maris 2020, shi ya sa OMS ta ba da shawara a cire ta, alluran yanzu suka koma masu nau'i uku.

Tun 1952 OMS ke da tsarin ɗakunan gwaji a ƙasashe da ke tattara samfur suna bin sawun wannan sauyi. Sau biyu a shekara masana ke zama: a Fabrairu su zaɓi nau'ukan da za a zuba a allurar arewacin duniya, a Satumba ta kudanci. Kamfanoni na buƙatar wajen wata shida su haɗa ta, mafi yawa a cikin ƙwan kaji. Ke nan allurar hasashe ce na masu ilimi, kuma hasashe yakan dace, yakan kuma ɗan kauce. A shekarar da ta dace tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Wani zai ce kaɗan ne. Ni ban ga kaɗan ba, domin ko wanda ya kamu bayan allura, sau da yawa ciwon kan zo masa da sauƙi, kuma a wurin da gado mai iskar oksijin ƙidayayye ne, rage rabin masu zuwa suna haki babban abu ne. Abin da bai kamata ba shi ne mu yi wa mutum alkawarin ba zai ƙara yin mura ba. Zai yi, domin ƙwayoyin da ke kawo majina da tari sun fi a ƙirga, allurar kuwa infuluwenza kaɗai ta sani. Wanda aka yi wa alkawarin ƙarya bana, baɗi ba zai miƙo hannu ba, kuma zai hana maƙwabcinsa.

A Nijar, cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ce ke gwada samfuran da ake ɗauka daga hanci da maƙogwaro, aikin sa ido da aka fara a 2009. Abin da ya fito ya yi daidai da abin da idonmu ke gani: cutar ta fi ƙarfi a watannin sanyi da ƙura, wajen Janairu da Fabrairu. Wannan ya bambanta mu da ƙasashen bakin teku irin su Senegal, inda ta fi tashi da damina. Amfanin sanin haka a aikace yake. Allurar arewacin duniya tana fitowa wajen Satumba da Oktoba, jiki kuma na buƙatar kimanin mako biyu kafin kariya ta kankama, ƙarfinta na raguwa da tafiyar watanni. Lokacinta a wurinmu Oktoba zuwa Nuwamba ne, bayan an kai amfanin gona gida, kafin ɗari ya kama. Wanda ya makara ya zo a Janairu, a yi masa, cutar ba ta gama yawo ba.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: wannan allura ba ta cikin jerin alluran PEV, wato shirin rigakafi na ƙasa, da muke yi wa yara kyauta. Mai son ta sai ya nema a farmasi da kuɗinsa, kuma waɗanda suka fi saninta a garin nan maniyyata ne, saboda hukumomin Saudiyya na ba mahajjata shawarar yin ta, ban da ta sanƙarau da take dole. A nan akwai wani ruɗani da na sha ji har a bakin ma'aikata. Allurar Penta, mai rigakafin cuta biyar, da muke yi wa jarirai tana ɗauke da rigakafin wata ƙwaya mai suna Hib, kuma a cikakken sunanta akwai kalmar infuluwenza, sai wasu su ɗauka yaron da ya gama Penta ya tsira daga girif. Bai tsira ba. Hib bakteriya ce, wato wata irin ƙwayar cuta daban da ta infuluwenza. Wani masani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya gano ta a 1892 ya zaci ita ke kawo mura, sunan ya bi ta. Sai a 1933 aka ware ainihin ƙwayar cutar daga jikin mutum a Landan. Duk da haka Penta da allurar nimoniya ta PCV suna yi mana aiki a hunturu, domin sau da yawa infuluwenza share fage take yi, bakteriya ta biyo baya ta ƙarasa huhu. Duba katin allurar yaron da ya zo da tari yana cikin maganin mura.

Idan abu ya yi kaɗan, dole a zaɓi wanda za a fara ba. OMS ta lissafa ma'aikatan lafiya, mata masu ciki, tsofaffi, da masu ciwo mai daɗewa, sannan ƙananan yara. A Maraɗi masu ciwo mai daɗewa mun san su da fuska: mai sikila, mai asma, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai sida, mai tarin fuka, da yaron da tamowa ta cinye. Da za a tambaye ni inda za a fara da ɗan abin da aka samu, zan ce mace mai ciki da ma'aikacin lafiya.

Mace mai ciki saboda allura ɗaya na kare rai biyu. Ciki na sassauta garkuwar jiki, mahaifa na tura huhu sama, ga zuciya na aikin mutum biyu. Murar da mijinta zai kwanta da ita kwana uku ya tashi, ita tana iya kai ta ga nimoniya ko haihuwar bakwaini. Jariri kuma ba a yi masa allurar sai ya cika wata 6, alhali watannin farkon nan su ne mafi haɗari. Kariyar da uwa ta samu tana bi ta mabiyiya ta isa gare shi. Ba daga Turai aka kawo mana wannan labari ba: a Bamako aka yi gwaji tsakanin 2011 da 2014 a kan mata masu ciki fiye da 4,000, aka ga a watanni huɗun farko jariran matan da aka yi wa allurar sun sami raguwar kamuwa da kusan kashi biyu cikin uku, kariyar ta riƙa raguwa daga nan. Ana yin ta a kowane watan ciki. Kuma hanyar isa ga matan nan a buɗe take, tun da suna zuwa awon ciki, suna karɓar allurar tetanus da ƙwayoyin rigakafin palu a hannun ungozomar likita.

Ma'aikacin lafiya kuwa saboda shi ne mahaɗa. Mai cutar na iya yaɗa ta kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, yara fiye da haka. Dubi wanda ke aiki a CRENI, ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani: da safe mai tari ya yi masa atishawa a fuska, da rana ya sunkuya kan yaro mai kilo biyar yana sa masa bututun madara. Kuma mu da kanmu mun mayar da zuwa aiki da zazzaɓi abin yabo, saboda mun san idan mutum ɗaya ya kwanta babu mai maye gurbinsa. Na yi hakan ba sau ɗaya ba. Niyyar kirki ce, amma yaron da ke kan gadon ba niyyata yake shaƙa ba. Shugabannin gundumomin lafiya, idan za su nemi wannan allura ko kwali nawa ne, da ma'aikatan ɗakin haihuwa da ɗakin yara ya kamata su fara.

Ka'idojin yin ta ba su da yawa. Ana ajiye ta a firigo tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ta daskare ta lalace, ko da ta narke ta koma kamar lafiyayya. A tsoka ake yi, cinya ga jariri, dantse ga babba. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 8 da bai taɓa yi ba, sau biyu ne da tazarar mako huɗu. Kowa ban da shi sau ɗaya a shekara. Wadda ake yi da allura ba ta da ƙwayar cuta mai rai, ba za ta iya sa wa mutum mura ba, sai ɗan ciwon dantse ko ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu, kuma gara a faɗa masa tun kafin ya tashi daga kujera. Wanda ya taɓa yin mummunan borin jini da ita, ba a sake masa.

Amma aikinmu na kullum ba allura ba ne, marar lafiyar da ya riga ya zo ne, kuma a nan ne rayuka ke tsira ko su salwanta. Ba mu da gwajin infuluwenza a CSI. Muna da gwajin palu, kuma dole a yi shi ga duk mai zazzaɓi, ko a tsakiyar hunturu. Sai dai a kula da abu biyu. Idan bai nuna ba, kada a ba da maganin palu don a faranta wa uwa rai. Idan kuma ya nuna, kada a rufe littafi, domin gwajin nan na iya ci gaba da nunawa makonni bayan an warke, kuma yaro na iya ɗaukar cuta biyu a lokaci guda. Yaron da ya sha maganin palu a Nuwamba ya dawo a Disamba da tari da haki, layi biyu a kan gwaji, alamar palu, ba su wanke huhunsa ba. Wannan lokacin ne kuma sanƙarau da ƙyanda ke fara leƙowa, don haka a taɓa wuya, a duba ido da baki da fata.

Kayan aikin da ya fi kowane daraja a wannan lokaci agogo ne. A buɗe ƙirjin yaro, duk da sanyi da kukan da zai yi, a jira ya natsu, a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi sauri. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. A duba ko ƙasan ƙirji na faɗawa ciki idan ya ja iska. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, na turawa ne nan take. Inda akwai na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa, ƙasa da 90 na nufin a sa masa oksijin. A tuna yaro mai tamowa mai tsanani yana iya ɗauke da nimoniya jikinsa a sanyaye, ba zazzaɓi. Ga babba kuwa: haki, ciwon ƙirji, ruɗewa, fitsari ya ɗauke, ko kuma alamar nan da ke yaudarar mutane, ya ji sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi da kaki mai launi. Wannan bakteriya ce ta shigo, kuma nan ne wurin maganin kashe ta.

Nan ne wurinsa, ba ga kowane mai majina ba. Amoksisilin ba ya taɓa ƙwayar infuluwenza ko kaɗan. Jagorar da OMS ta fitar a 2024 ta yi hani mai ƙarfi ga ba da irin waɗannan magunguna ga mai murar da ba ta yi tsanani ba kuma babu alamar bakteriya. Na san nauyin da ke kanmu. Uwa ta biya kuɗin kabu-kabu, ta bar girki, ta yi awa uku a layi, ka ce mata farasitamol da ruwa da nono. Kallon da za ta yi maka ya isa. Ka kuma san idan ta fita akwai mai tallar magani a bakin hanya da zai ba ta kafso ja da rawaya guda huɗu. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba ta wani abu ta riƙe a madadin takardar magani: "Inna, huhunsa lafiya lau, na ƙirga. Ki buɗe rigarsa safe da yamma ki duba nan. Idan kika ga yana faɗawa, ko ya ƙi nono, ko dare ne ki taho, kada ki jira layi." Uwar da aka nuna wa abin da za ta duba, ta fi wadda aka sallama da kwalba natsuwa. Akwai waɗanda wannan hani bai shafa ba: yaro mai saurin numfashi a ba shi amoksisilin yadda PCIME, jagorar duba yara marasa lafiya, ta tsara, mai tamowa mai tsanani yana da nasa a ka'idar CRENAS, wurin jinyar tamowa ba tare da kwantarwa ba, mai sikila da zazzaɓi kuma ba a sallamarsa da sunan mura.

Magani biyu nake roƙo a janye hannu daga gare su. Deksametazon, wanda ake sha kamar gyaɗa a garin nan saboda yana sa jiki ya ji daɗi nan da nan, yana danne garkuwar da ke yaƙin; ba a ba da shi don infuluwenza, sai in da wani dalili daban kamar tashin asma. Asfirin kuma kada a ba yaro ko matashi mai mura, saboda ciwon Reye da ke kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta. A tambayi uwa abin da ta riga ta ba shi a gida, domin wasu ƙullin garin maganin zazzaɓi na kan tebur da asfirin a ciki.

Maganin da ke kama ƙwayar kanta shi ne oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ƙayar N yake toshewa, ƙwayar ta kasa fita ta yaɗu. Babba miligiram 75 sau biyu a rana kwana biyar. Yaro da ya wuce shekara 1 da nauyi ake bi: miligiram 30 har zuwa kilo 15, 45 har kilo 23, 60 har kilo 40, sama da haka kamar babba, jariri miligiram 3 a kowane kilo. Mai ciwon ƙoda a rage masa, kuma a sha da abinci saboda tashin zuciya. Ya fi amfani cikin awa 48 na farko, amma wanda aka kwantar da ciwo mai tsanani a ba shi ko ya wuce haka, ba tare da jiran sakamako daga Yamai ba. Shi ne kuma zaɓi ga mai ciki. Ga lafiyayyen saurayi mai murar gida, abin da yake ragewa bai kai kwana guda na ciwo ba, shi ya sa a 2017 OMS ta mayar da shi jerin magungunan da ake tanada don masu tsananin ciwo a asibiti. Wannan ya dace da halinmu: ba a kowace CSI ake buƙatarsa ba, amma ya kamata a ce babban asibitin jiha da cibiyar uwa da yaro suna da shi a ajiye kafin Disamba. Akwai sabo, baloksabir, da ake sha sau ɗaya tak, wanda jagorar 2024 ta ambata don masu haɗari da ciwonsu bai tsananta ba, sai dai tsadarsa ta nisanta shi da mu. Amantadin na da, ƙwayoyin yanzu sun daina jin sa.

Tambaya ɗaya nake so ta shiga bakinmu ga duk mai ciwon numfashi mai tsanani: kaji sun mutu a gidanku ko unguwarku kwanan nan? A Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya. Kaji da zabi na ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya kowace ranar kasuwa, kuma a ƙauye kazar da ta fara layi yankawa ake yi kafin ta mutu, mata da yara su fige. Allurar shekara-shekara ba ta kare mutum daga wannan nau'in. Idan amsar ta zo da e, a ware marar lafiyar, a sa takunkumi, a sanar da gunduma da ma'aikatan dabbobi a ranar.

Sauran aikin na ɗakin jira ne. Da sanyi kowa rufe taga yake yi, mutum talatin su cunkushe a ɗaki ɗaya, mai tari kusa da mai jego da jaririn kwana goma. A buɗe tagogin ko da za a yi gunaguni. A sa benci a rana a waje don masu tari, su ma sun fi son ɗumin. Ranar awon ciki da ranar allurar jarirai, kada layinsu ya haɗu da na masu zazzaɓi. Takunkuman da suka saura tun zamanin korona a fito da su daga kwali, a ba mai tari ɗaya tun daga bakin ƙofa, ma'aikaci ya sa nasa, a kuma cika butar wanke hannu da ke bakin ɗakin awo, a ajiye sabulu kusa da ita.